Mashin Ɗin da Muka Saya

Wata bakwai muka yi muna zaɓen mashin. A Kano babur ake cewa, amma mu a Gatawa muka tashi, bakinmu bai saba da wannan sunan ba. Mu biyu ne, wa da ƙane, ciki ɗaya, kuma sana'a ɗaya ta zaunar da mu a Kano: rubuta manhajar kwamfuta. Wani kamfani na ƙasar waje ya ba mu aikin shekara guda yana biya da dala, a daidai lokacin da naira ke ta zubewa, sai muka wayi gari da 'yan kuɗi irin waɗanda hannunmu bai taɓa riƙewa ba. Mai hankali fili zai saya. Mu kuwa mashin muke so, kuma ba kowanne ba, irin dogayen nan masu babbar tayar gaba da ake keta daji da sahara da su.

Da yake kowa da irin haukarsa, tamu ta jadawali ce. Muka buɗe Excel, muka jera mashina goma sha ɗaya, kowanne da layinsa. Ga gurbin ƙarfin inji, ga na nauyi, ga na lita nawa tanki ke ci, ga tsawon sirdi daga ƙasa, ga tazarar cikin mashin da ƙasa saboda kwazazzabai, ga farashi da kuɗin fito. Har lissafi muka rubuta wanda ke ba kowanne maki. Da an tashi daga aiki sai mu dasa musu a kansa, wani lokacin har a kira assalatu.

BMW GS tun farko ya fita. Ya kusa kilo 250, in ya kwanta da kai a yashi sai ka yi gayya kafin a tayar da shi, ga kuɗinsa ya isa gina gida. Africa Twin na Honda, mai cc 1084, ya daɗe a jadawalin saboda kyau kawai, mun san ba sa'anmu ba ne. KTM 390 Adventure shi lissafi ke ta ba wa maki mafi yawa: cc 373, ba nauyi, ba shan mai. Abin dariya, a Indiya ake haɗa shi, a masana'antar Bajaj, wato masu yin Boxer ɗin da 'yan kabu-kabu ke lodin buhu uku a kai. Ƙaramin cikinmu ya ce ashe ɗan gidan su Boxer ne da ya yi boko. Akwai kuma Himalayan na Royal Enfield, cc 411, mai sanyin gudu kamar jakin 'yan itace, amma an ce ba ya gajiya.

Duk wannan bidiri ne. Zuciyarmu tana kan Yamaha Ténéré 700, kuma mun sani, shi ya sa muka riƙa taɓa lissafin a ɓoye don ya hau sama. Inji mai cc 689, tanki lita 16, tayar gaba inci 21, nauyi kilo ɗari biyu da 'yan kai, kamar buhun gero biyu ke nan. Amma sunan ne ya kama mu. Tenere hamada ce a Nijar, gabas da Agadas. Tseren Faris zuwa Dakar da aka fara a ƙarshen 1978 ta Nijar ya riƙa ratsawa, kuma wanda ya ci na farko a kan Yamaha ya ci shi. Daga nan kamfanin ya fitar da mashin mai wannan suna a 1983. Wato mutanen Japan sun ɗauki sunan ƙasar maƙwabtanmu sun liƙa a tanki, suna sayar wa Turawa da tsada, mu da za mu iya karya kumallo a gida mu yi azahar a Maraɗi sai kallo a YouTube. Abin ya tsaya mana a rai.

Har hanya mun zana. Daga Kano mu bi Katsina, Jibiya, mu tsallaka Maraɗi, mu kwana Tsibiri mu ga fadar Gobirawan can, sannan mu miƙa Tawa, sai Agadas. A dawowa mu gangaro gida, mu tsaya kufan Alkalawa, birnin da Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki, wanda ya faɗi a 1808. Muna yara an sha nuna mana hanyarsa, ba mu taɓa zuwa ba, don abin da ke bayan gida kullum gani ake yi za a je gobe.

Wanda ya fara zuba mana ruwan sanyi wani bakanike ne a Ƙofar Ruwa. Muka nuna masa hoto a waya, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya ko yana da kafireta. Muka ce a'a, kwamfuta ce ke auna masa mai. Ya yi dariya ya ce to mu tanadi wanda zai ɗauko mu. Ya ce man da za mu samu a ƙauye na 'yan bumburutu ne, a galan da kwalba, wani da ruwa wani da ƙasa. Boxer zai sha ya yi tari ya wuce, in ya ƙi, yaro ɗan shekara goma sha biyu zai kwance kafireta a gindin bishiya ya hure ta ya mayar. Wannan kuwa in famfon mansa ya toshe, sai an yi odar wani daga Legas ko Dubai. Mu da muke kwana muna gyaran kurakuran manhaja mun gane abin da yake nufi sarai: abin da ba za ka iya buɗewa ka ga cikinsa ba, ba naka ba ne tukuna. Muka dawo gida muka ƙara gurbi a jadawali, muka sa masa suna "wa zai gyara". Ténéré ya sha ƙasa. Muka rage wa gurbin nauyi a lissafi ya sake hawa.

Sai Inna. Ba ta kiran sunan babbanmu, ɗan fari ne, don haka ta wajen ƙaramin take biyo da duk maganar da ta shafe mu. Shi ya tura wa wata ƙanwarmu hoton ta nuna mata. Da daddare ta sa aka kira.

"Mi za ku yi da wanga abu?"

Muka ce, Inna, na zuwa gida ne, ba ruwansa da laka ko yashi, ko damina ta yanke hanya zai wuce.

"In kunka zaka da shi garin ga, soja su ce ɓarayi na, ɓarayi su ce soja na, mutanen gari su ce masu kuɗɗi sun iso. Wane ɗaya kuka so cikin ukun?"

Ba mu da gurbin wannan a jadawali. Kuma ba don ba mu sani ba. A ƙasarmu ƙarar mashina da yawa da dare ta daina zama ƙarar 'yan biki tun tuni. Muna sane da Satumbar 2021, lokacin da gwamnatin Sakkwato ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, ta hana goyon mutum uku a mashin, ta hana sayar da mai a jarka, aka kuma datse layukan waya a ƙananan hukumomi 14, har da Sabon Birni da Isa. Makonni muka yi muna rubuta manhajar aika saƙo wa mutanen wata nahiya alhali ba mu iya jin muryar mahaifiyarmu, sai in wani ya hau tudu ya kamo sabis ɗin Nijar. Muna sane da motar fasinja da aka ƙone da mutane a ciki kusa da Gidan Bawa a Disambar shekarar. Kuma muna tsakiyar musun KTM da Yamaha ne, a Yulin 2024, aka tare Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato. A Agusta labarin rasuwarsa a hannunsu ya fito. Allah ya jiƙansa. Kwana goma ba mu buɗe jadawalin ba. A na sha ɗaya muka buɗe, kuma wannan ba abin da za mu yi alfahari da shi ba ne. Mutum in ya yi nisa da gida yakan ajiye gidan a wuri biyu a ransa, wanda yake ji a labarai da wanda zai koma, kuma ba ya bari su haɗu.

Ranar wata Talata da kaka, ana yankan gero, Kawu ya kira. Ba ya kira sai da dalili.

"Sun ɗauki ƙanenku. Gona sunka iske shi."

Ɗansa ne na uku, wanda muka bari yana rarrafe lokacin da muka tafi makarantar kwana, yanzu har da matarsa da ɗiya ɗaya. Kwana huɗu ba labari. A na biyar suka kira da wayar yaron. Bayan an yi ta ja-in-ja, Kawu yana roƙo suna zagi, magana ta tsaya a kan kuɗi da mashin ɗaya. Kuma ba su bar mana zaɓi ba. Honda suke so, irin wanda a yankinmu ake wa laƙabi da Boko Haram, sabo, ba na hannu ba. Suka ce in aka kawo Boxer ko wani ɗan Caina, a bakin yaron.

Dangi suka haɗa abin da za su iya, aka sayar da tumaki da geron da ko sussuka ba a yi ba. Mashin ya faɗo kanmu, don kowa ya san muna da kuɗin mashin. Ai mun cika dangi da labarinsa.

Ba mu yi minti ashirin a shagon ba. Da muka faɗi irin wanda muke so, mai shagon ya dube mu, ya dubi takalmanmu da jakar kwamfuta, bai tambayi ko na haya ne ko na hawa ba. Ya ce, "Allah ya kuɓutar da shi." Muka ce amin. Ƙaramin cikinmu, da bakinsa ba ya shiru, ya tambaye shi me ya sa su wannan kawai suke so. Ya lissafa da yatsu: ba ya shan mai, yana ɗaukar ƙarti uku da kayansu bai durƙusa ba, ba shi da ƙara sosai, yana jure yashi, kuma ko a tsakiyar daji aka kwance shi za a mayar. Muka dubi juna. Gurabenmu ne, ɗaya bayan ɗaya, har da wanda bakaniken Ƙofar Ruwa ya sa muka ƙara. Su ma sun yi nasu jadawalin, kuma sun fi mu sanin hanyar.

Mun san inda mashin ɗin zai je bayan ya bar hannunmu. Zai ɗauki mutum uku zuwa gonar wani ko ƙofar gidan wani, wataƙila wanda muka yi firamare da shi. Mun faɗa wa juna wannan a mota, sau ɗaya, ba mu sake ba. Babbanmu ya ce da a ce ɗan wani ne, da mun iya rubuta dogon bayani a Facebook kan illar biyan fansa. Muka biya, aka ba mu rasit, aka ɗaura shi a bayan wata motar kaya da ke zuwa gabas. Yadda ya isa wurinsu kuwa, Kawu bai faɗa ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Kwana ashirin da uku ya yi. Muka iske shi a Sakkwato gidan wata gwaggonmu, inda aka kawo shi ganin likita. Ƙafafunsa sun kumbura, ga shatar sarƙa a idon sawu, ya rame har haƙoransa sun yi masa yawa a baki. Inna na zaune gefe tana masa fifita, ba ta ce mana komai a kan Yamaha ba, har yau kuma ba ta ce ba.

Da mutane suka ragu, ya riƙa ba mu labari kaɗan-kaɗan, yana yi yana tsayawa. Ya ce ranar da za su sake shi ba ya iya taka ƙasa, sai ɗaya daga cikinsu, yaro ne da bai kai shi shekaru ba, ya goya shi zuwa bakin daji ya sauke shi inda ake hango hasumiyar wani masallaci. Ya ce ledar sirdin ma ba a gama cirewa ba.

"Yaya, naku na," in ji shi. "Na gane shi. Wallahi shina da daɗin hawa, ko girgiza babu."