Asabar Kawai Nake Roƙo

Da hunturu, bayan sallar asuba, nake fita da yara 12 mu yi gudu ta gefen gonakin raken Makarfi. A 2022 na nuna musu Samuel Ikpefan a waya, yana wakiltar Najeriya a tseren zamiya kan dusar ƙanƙara a gasar Olamfik ta Beijing. Autansu ya ce, "Malam, mu ai ƙura gare mu." Muka yi dariya.

Bana shi ne ya daina zuwa, mahaifinsa ya sa shi saran rake. Ban ga laifin uban ba, gida na bukatar hannu. Duk da haka na je na durƙusa: "Baba, a ara mini shi ranar Asabar kawai." Ya ce zai duba.

Asabar uku ke nan ina duban hanya.