Ashe Ba Kullum Waƙa Ta Fi Daɗi A Bakin Mai Ita Ba

Hausawa kan ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. To, amma akwai waɗansu mawaƙa uku na ƙasar Amurka da labarinsu ya isa ya sa a sake auna wannan magana. Su ne Peter Yarrow da Paul Stookey da Mary Travers, waɗanda Albert Grossman, wani mai kula da harkokin mawaƙa, ya haɗa a birnin New York cikin 1961, duniya ta san su da sunan Peter, Paul and Mary.

Jarinsu bai wuce jita biyu da murya uku ba, kuma yawancin waƙoƙin da suka ɗaukaka su na aro ne. Bob Dylan, wanda muryarsa ke da kaushi, shi ya tsara "Blowin' in the Wind", amma sai da waɗannan uku suka rera ta cikin 1963 sannan ta game gidajen rediyo, ta shiga kunnen Turawan da ba su taɓa damuwa da kukan baƙar fata ba.

Ba su kuwa tsaya ga neman kuɗi kaɗai ba. Ran 28 ga Agusta, 1963, suka rera wannan waƙa a Washington gaban mutum fiye da 200,000 masu neman a daina wariyar launin fata, a dandalin da Martin Luther King ya yi shahararren jawabinsa. Cikin 1965 kuma suka shiga zanga-zangar neman haƙƙin jefa ƙuri'a a jihar Alabama.

Sai dai mutum tara yake bai cika goma ba. Cikin 1970, shekarar da suka rabu, aka ɗaure Yarrow bisa laifin rashin ɗa'a ga wata yarinya 'yar shekara 14, tabon da afuwar Shugaba Carter ta 1981 ba ta goge ba. Suka sake haɗuwa a 1978, har Mary ta rasu cikin 2009, Yarrow kuma cikin 2025.

Lalle mai tsara waƙa yana da ladarsa, amma da ba a sami masu kai ta inda ake bukata ba, da ta tsufa a ɗakinsa. Saboda haka in ana yabon maƙeri, kada a manta da manomin da ya shiga gona da garmar.