Gado da Naɗi

Shagon ɗinkin Baba yana cikin birni, ba nisa da hasumiyar Gobarau, kuma a can na yi rarrafe har na yi wayo. Ɗinki gado ne a gidanmu. Kakana tela ne, Baba ya tashi ya tarar da almakashi da alli a ɗaki, yayana ma ya karɓa. Amma Baba yana da wani aikin da bai gada a wurin kowa ba, shi ne ladanin masallacin unguwa. Da rana ta goce sai ya ɗauke ƙafa daga fedar keke, ya cire tef daga wuya, ya yafa ƙyalle a kan rigar da yake ɗinkawa, ya fita. Wanda ya riƙe ladancin kafin shi mahauci ne. Dattawan da suka naɗa su ba su tambayi sana'ar uban kowa ba. Abin da suka duba murya ce, da sanin lokaci, da mutum ya zama ba ya nisa da unguwa.

Da na shiga karatun kwamfuta a nan Katsina, da harshen Java aka fara mana, kuma kalmar da ta fi yawo a allo ita ce gado. Ana koya mana cewa a tsara manhaja aji-aji. Kowane aji yana fayyace abin da 'ya'yansa suka mallaka da abin da suke iya yi, sannan wani aji ya gaji wani, ya kwashe duk abin da ke hannun uban ya ƙara nasa. Tunanin ya samo tushe tun daga harshen Simula da aka ƙirƙiro a Nowe a 1967. A Java doka ce, aji ba ya da uba sai ɗaya. Abin ya kwanta mini ƙwarai, domin ɗan birni da ya tashi yana jin wane ɗan wane jikan wane ba ya buƙatar dogon bayani a kan salsala. Na fito ina ganin duk wata matsala, in dai na zana mata bishiyar dangi, ta warware.

A 2012 wata makarantar kuɗi ta ba ni aikin rubuta mata manhajar rajista da kuɗin makaranta. Da PHP na rubuta. Na kafa aji na kira shi Mutum a can sama, Ɗalibi da Waliyyi da Ma'aikaci suka gaje shi, Malami da Direba suka gaji Ma'aikaci. Zangon farko komai ya tafi sumul.

A zango na biyu Hajiya mai makarantar ta ce tana son a riƙa tura saƙon tes: iyaye su ji batun kuɗi, malamai su ji ranar taro, kamfanin da ke kawo littattafai ya ji an biya shi. A nan bishiyata ta ƙi ɗaukar nauyin. In na sa aikin turawa a cikin Mutum, yaran aji biyu na firamare sun gaji abin da ba su da wayar karɓarsa. Kamfanin littattafai kuma ba mutum ba ne, ba ya cikin dangin ma sam. Sai na bi hanyar da ta fi kusa, na rubuta aikin sau ɗaya, na kwafa shi wuri uku.

Masu tura saƙon suna son lamba ta fara da 234, mu kuwa da sifiri muke fara rubuta tamu, wani ma ya raba ta da tazara. Da na lura lambobin da ke da tazara ba sa wucewa, na gyara a ajin Malami, na gwada da wayata, saƙo ya shigo, na rufe kwamfuta. Kwafin da ke cikin Waliyyi yana nan yadda yake. Ranar Litinin aka mayar da yara gida saboda kuɗin da iyayensu ba su taɓa jin an nema ba. Na tarar da wani uba tsaye a bakin ofis riƙe da hannun 'yarsa, jakarta a goye, yana miƙa wa akawu wayarsa ya duba da idonsa. Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam, ba ka ce mini ka gyara ba?" Na ce, "Na gyara, Hajiya, amma wuri ɗaya." Ta ce, "To abu ɗaya me ya kai shi wuri uku?"

Da wannan tambayar na kwana. Na yi dare uku a shagon intanet, janareto yana ruri a bayan taga, har na faɗa kan bayanan Moose, wani tsari da Stevan Little ya fitar wa harshen Perl a 2006. A ciki na fara cin karo da abin da mutanen Perl ke kira rol, na PHP kuma tiret. Asalinsa wata maƙala ce ta 2003 da Nathanael Schärli da Stéphane Ducasse da Oscar Nierstrasz da Andrew Black suka rubuta, aikin da ya fito daga Jami'ar Bern ta Suwizalan, aka fara gwada shi a harshen Squeak. Rol ƙunshin ayyuka ne da ba ya tsayawa da ƙafarsa, ba a fitar da abu daga cikinsa kai tsaye. Sai an ɗora wa wani aji, ayyukan su shige ciki kamar a can aka rubuta su tun farko. Yana kuma zuwa da sharaɗi. Rol ɗin tura saƙo zai ce duk ajin da ke so na, ya zo da lambar waya. Ajin da bai cika ba, manhajar ba za ta ma tashi ba, tun kafin a kai ga wani uba da 'yarsa.

Ina karantawa ina ganin Baba yana cire tef daga wuya. Tun daga daren nan, a raina naɗi nake kiran abin. Gado yana amsa tambayar ɗan wane ne, naɗi yana amsa me zai iya.

Abin da ya fi kama ni shi ne yadda ake yi da saɓani. Harshen C++ ya yarda aji ya gaji iyaye da yawa, kuma masu aiki da shi sun san rikicin da ke tashi in iyayen biyu sun haɗa kaka. A wasu harsunan kuma jerin da aka bi wajen haɗawa shi ke yanke hukunci shiru, wani aikin ya danne wani ba wanda ya ji. A tsarin naɗi, in rol biyu suka zo da aiki mai suna ɗaya, sai komai ya tsaya, a ce ajin da ya ɗauke su ya faɗi da bakinsa wanne yake so. Na ga irin wannan a jajibirin wata Ƙaramar Sallah. Shago ya cika, wani alhaji ya zauna a benci ya rantse ba zai tashi ba sai da rigarsa, ga la'asar ta yi. Ya ce, "Malam, saura wuya kaɗai, ka ƙarasa mana." Baba ya ce, "Alhaji, wuyan zai jira ni, lokaci ba zai jira ba. Taso mu je tare." Ɗinki da ladanci duk sun nemi sa'a ɗaya, kuma shi mai ɗauke da su ne ya raba gardama, a fili, kowa yana ji.

Na yi sa'a PHP 5.4, wanda ya fito a watan Maris na 2012, ya zo da tiret. Na sabunta kwamfutar ofis, na goge kwafi ukun, na rubuta naɗi guda na tura saƙo, na ɗora wa Waliyyi da Malami da Kamfani, na bar Ɗalibi. Java ma sai a 2014 ta buɗe ƙofa makamanciyar wannan.

Ban ce naɗi ba ya da aibu ba. Daga baya na zaƙe, na jibga wa aji ɗaya naɗi bakwai, har in ana neman inda wani aiki ya fito sai an buɗe fayil bayan fayil. Kuma in aji yana da nasa aikin mai irin sunan, nasa ne ke cin na naɗin ba tare da gargaɗi ba, wannan ma ya taɓa cinye mini yini guda. Gado ma ban yar da shi ba. Malami har yau Ma'aikaci yake gada a manhajojina, don da gaske ma'aikaci ne. Abin da nake ja da shi shi ne a yaye yaro daga aji yana zaton gado ne kaɗai hanyar raba aiki, kamar yadda aka yaye ni.

Da zango na uku ya zo, akawu ya danna maɓalli ina tsaye a bayansa. Hajiya ta sa lambarta cikin ta iyaye don ta gani da idonta, da tazara ta rubuta ta da gangan. Wayar ta yi ƙara a kan tebur. Ta ɗauka ta karanta, ta juyo da fuskarta wajena ta nuna mini. Daga nan na hau acaba zuwa cikin birni. Na iske shagon a buɗe, ƙyalle a yafe kan keke, muryar Baba tana fitowa daga lasifikar masallaci.