Ƙasrul Aini, Inda Masar Take Yaye Likitocinta

A wannan watan filin namu zai leƙa birnin Alƙahira ne na ƙasar Masar, zuwa wani wuri da hajiyoyinmu masu zuwa sarin abaya da turare sukan wuce ta gabansa a mota ba tare da sun waiga ba, wato makarantar koyon aikin likita ta gwamnati da ake kira Ƙasrul Aini, wadda take ƙarƙashin Jami'ar Alƙahira. Ɗiyar yayata ce take karatu a can tana aji huɗu, dalilinta na samu na yi mako biyu ina shiga ina fita, ina gani da idona, ina kuma tambaya.

Da farko dai, idan kika tare tasi kika ce wa direba Ƙasrul Aini kamar yadda aka koya mana Larabci a islamiyya, zai gane, amma sai ya yi murmushi. Mutanen Alƙahira ba sa furta harafin ƙaf, haɗiye shi suke yi, su Asril Eni suke cewa. Ki riƙe wannan, domin za mu dawo kansa, ashe ba ƙaramar magana ba ce ga ɗaliba.

Titin da yake ɗauke da wannan suna ya taso ne daga dandalin Tahrir ya miƙa kudu, kogin Nilu yana yamma da shi. Makarantar kuwa da asibitocinta sun kasu gida biyu, wasu gine-ginen suna bakin titin, wasu suna tsallaken wani siririn reshe na kogin, a unguwar Manyal da ke tsibirin Rauda, gada ce ta haɗa su. Ki je ƙofar da hantsi ki ga ikon Allah. Ga dattawa daga kudancin ƙasar da manyan riguna da rawani, sun kwana a jirgin ƙasa, ga mata da baƙaƙen kaya sun rungumo yara, kowa da babban ambulan na hoton ƙashi ko na ƙirji a hammata. A tsakaninsu sai ki ga samari da 'yan mata suna kutsawa da sauri, farar riga a saɓe a kafaɗa, abin sauraren ƙirji na leƙowa daga jaka, wata na tafe tana cin burodi da wake tana duba takarda. Asibitin talaka ne, wanda ba shi da kuɗin asibitin kuɗi nan yake nufa, kuma waɗannan bayin Allah su ne littafin da ɗaliban suka fi karantawa.

Sunan kansa yana da tarihin da zai ba malamanmu mata sha'awa. Ƙasru dai fada ce ko babban gida. Wanda ya gina fadar a ƙarni na 15, zamanin sarakunan Mamluk, shi ne Ahmad ɗan Aini, jikan Imam Badruddin al-Aini, mai littafin Umdatul Ƙari, sharhin Sahihul Bukhari. Fadar ta daɗe da shuɗewa, sunan ya zauna.

Ita makarantar ba a nan aka fara ta ba. A shekarar 1827 ne Muhammad Ali Basha, mai mulkin Masar, ya buɗe ta a Abu Za'abal, a wajen gari kusa da barikin soja, saboda abin da ya dame shi a lokacin shi ne sojojinsa da cuta take karkashewa. Ya danƙa ta a hannun wani likita Bafaranshe da aka fi sani da Kulot Bek. Ɗaliban farko daga Azhar aka ɗebo da yawansu. Malamai Turawa, ɗalibai ba sa jin Faransanci, don haka sai malami ya faɗa, tafinta ya juya zuwa Larabci, a rubuta. Babbar rigimar da aka sha ita ce ta buɗe gawa domin a koyi yadda Allah Ya tsara cikin ɗan Adam. Jama'a sun ƙyamaci abin ƙwarai, har wani ɗalibi ya taɓa kai wa Kulot Bek sara da wuƙa. Daga cikin malaman addini akwai irin su Shaihu Hasan al-Aɗɗar, wanda ya zama Shaihun Azhar daga baya, da suka goyi bayan wannan ilimi. A 1837 aka dawo da makarantar nan bakin kogi, a 1925 kuma ta shiga cikin jami'ar gwamnati.

Amma labarin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne na matan farko. Kulot Bek ya lura duk likitocin da zai yaye maza ne, alhali matan Masar na wancan zamani ba za su yarda namiji ya duba su ba, mazajensu ma ba za su bari ba. Agana tana cin yara, haihuwa tana cin iyaye. Sai a 1832 aka buɗe sashen mata. Aka yi cigiya, babu uban da ya kawo 'yarsa. Da aka rasa yadda za a yi, sai hukuma ta aika kasuwar bayi aka sayo 'yan mata goma, 'yan Habasha da 'yan Sudan, su ne ajin farko. Allah Sarki! Yaran da aka raba da iyayensu, ba su san alif ba. Shekara shida ake yi, biyun farko na koyon karatu da rubutun Larabci, ragowar na karɓar haihuwa, da ɗaurin rauni, da yin lambar agana, da haɗa magani. Daga baya aka riƙa ƙarawa da marayu. Idan sun gama ana kiransu hakima, a ba su albashi da muƙami, a rarraba su unguwanni, su ne masu yi wa yara lamba, su ne kuma masu duba gawar mace a san abin da ya kashe ta. Yau idan kika tsaya a bakin babban ɗakin lacca kika ga 'yan mata da hijabansu suna tuɗaɗowa kamar an buɗe dam, iyayensu na alfahari da su, ki tuna cewa wannan aiki da ake rububinsa, baƙaƙen yara goma da ba su da gata ne suka fara shi. Mu ma nan gida mun san wannan matsala, har gobe akwai matar da za ta gwammace ta yi ta fama da ciwo a ɗaka da a ce namiji ne zai duba ta.

A sashen mata da haihuwa sunan da za ki ta ji shi ne Najib Basha Mahfuz. Kirista ne Bakibɗe. Yana ɗalibi aka yi annobar kwalara a 1902, aka tura shi wani ƙauye mai suna Musha kusa da Asyut, shi ya bi diddigi har ya gano rijiyar da cutar take fitowa a cikin wani gida. A 1904 ya buɗe wurin duba mata na farko a Ƙasrul Aini, ya kuma yi suna a duniya wajen ɗinkin yoyon fitsari, lalurar nan da ta sa muka san Babbar Ruga ta Katsina. Akwai gidan adana kayan koyarwa mai sunansa a makarantar, kwalabe ne jere da abubuwan da ya ciro a tiyata, wanda ba na ba mai raunin zuciya shawarar ta shiga bayan ta ci abinci. A 1911 ya karɓi wata haihuwa mai wuya, iyayen suka sa wa jaririn sunansa don godiya. Jaririn nan shi ne Najib Mahfuz marubuci, wanda ya ci kyautar Nobel a 1988.

Tsargiya ma a nan aka gano sirrinta. A 1851 wani likita Bajamushe, Tiyodo Bilhaz, yana binciken gawa a wannan asibiti ya ga tsutsar da take sa fitsarin jini, shi ya sa har yau Misirawa bilharsiya suke ce wa cutar. Tsutsar tana rayuwa ne a jikin dodon koɗi na ruwan kwance, ta huda fatar mai wanka ko mai noma ta shige, daidai yadda take kama yaranmu a kududdufi da bakin dam. Yaƙi da ita kuma ya jawo wa Masar wata masifar. Daga shekarun 1950 zuwa farkon na 1980 an bi ƙauyuka ana yi wa mutane allurar maganinta da sirinjin gilashi da ba a dafa shi yadda ya kamata, ta nan ciwon hanta nau'in C ya bazu har ƙasar ta zama kan gaba a duniya. Sun tashi tsaye, daga Oktoban 2018 zuwa Afrilun 2019 suka gwada kusan mutum miliyan 50, aka ba masu ɗauke da cutar magani kyauta, a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaba musu a matsayin ƙasar farko da ta kai wannan mataki. Ɗalibin wannan makaranta yana ganin ragowar wancan zamani a kan gado, dattawa masu kumburin ciki da hanta ta lalace.

To yaya karatun yake yanzu? Ga ɗan ƙasa, shiga ita ce wuyar. Sakamakon jarrabawar gama sakandare, wadda suke kira Sanawiyya Amma, shi ake bi a raba yara jami'o'i, kuma likitanci ne a can ƙololuwa, maki ɗaya kan raba yaro da burinsa. Wanda ya samu, kusan kyauta zai yi karatun. Baƙi kuwa, waɗanda ake kira wafidin, ƙofarsu daban, kuma da kuɗin waje suke biya. A da shekara shida ake yi sannan shekara ɗaya ta sanin makamar aiki da suke kira imtiyaz, amma daga 2018 aka mayar da shi shekara biyar ta karatu da biyu ta imtiyaz. Ajin shekara guda kan haura ɗalibi 1,000. Babu malamin da zai san sunan 'yarki balle ya tambayi dalilin da ya sa ba ta zo ba. Mai son karatu ita za ta yi sammako ta kama kujerar gaba, ita za ta matsa kusa da gado idan malami yana duba majinyaci, ta roƙa a bar ta ta sa kunne. Da yawa kuma suna biyan kuɗin ƙarin darasi a wasu cibiyoyi da ke kewaye da makarantar, wannan ma a sa shi cikin lissafi.

Yanzu mu koma maganar harshe. Tun ƙarshen ƙarni na 19, zamanin da Ingila take riƙe da Masar, aka mayar da koyarwa da Turanci, littattafai da jarrabawa duk da shi ake yi. Wannan ne yake sa iyaye su saki jiki su ce ai 'yarmu tana jin Turanci. Gaskiya ne, sai dai malami yakan fara jimla da Turanci ya ƙarasa ta da Larabcin gida, barkwancin da zai sa a tuna darasin ma da shi zai yi. Sannan tsohuwar da ta zo daga ƙauye ba ta san ko kalma ɗaya ta Turanci ba, Larabcin littafi ma baƙo ne a bakinta. Za ta dafa ƙirji ta ce albi, ba ƙalbi ba, ciwo kuma waga za ta ce, domin jim ɗinsu ga ne. Likita kuwa rabin aikinta tambaya ce: yaushe ya fara, ina yake yi miki, haihuwa nawa, ɓari nawa. Ɗiyar tawa ta ce mini sai da ta daina jin kunyar a yi mata dariya, ta riƙa zama da masu jinya tana hira da su, sannan ɗakin majinyata ya fara yi mata amfani. Na ga wata tsohuwa ta kama hannunta tana ce mata ya duktura, tana zuba mata addu'a, ita kuma tana amsawa da harshensu kamar a nan aka yanke mata cibiya. A ganina duk yarinyar da za ta tafi, gara ta ba wannan Larabci watanninta na farko, kafin a kai shekarun shiga asibiti. Wadda ta yi islamiyya da kyau ta riga ta ci rabin hanya.

Zaman garin ba shi da wuya sosai ga 'ya mace mai kamun kai. Ɗalibai kan haɗu uku ko huɗu su kama gida a Manyal su riƙa takowa da ƙafa. Masu zuwa daga nesa suna hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa su sauka a tashar Sayyida Zainab, kuma akwai taragun da aka keɓe wa mata zalla. Abincin ɗalibi ful ne, wato dafaffen wake, da ɗa'amiyya mai kama da ƙosanmu sai dai cikinta kore ne, da kushari, haɗin shinkafa da taliya da adas da soyayyar albasa. Yajin gida da kuka da daddawa dai a ƙulla mata su a jaka. A haɗa da rigar sanyi mai kauri, sanyin Janairu a gidan da ke bakin kogi ya fi na hunturunmu shiga ƙashi.

Abu biyu nake so iyaye su zauna su yi wa lissafi tun kafin a nemi biza. Na farko kuɗi. Alkawari ne na shekaru, da kuɗin waje, kuma duk mun ga yadda Naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, har gidaje da dama suka koma sayar da kadara don kada yaro ya tsaya a tsakiya. A yi lissafin dukkan shekarun, da haya da abinci da tikiti, ba na shekarar farko kaɗai ba. Na biyu dawowa. Takardar Ƙasrul Aini tana da daraja, amma ba ta isa yarinya ta taɓa majinyaci a Najeriya ba sai ta zauna jarrabawar da hukumar rajistar likitoci ta ƙasa, wato MDCN, take yi wa waɗanda suka yi karatu a waje, kuma ana faɗuwa. Zazzaɓin cizon sauro da sikila da sanƙarau, waɗanda su ne abincin yau da kullum a asibitocinmu, ba kasafai za ta gan su a bakin Nilu ba. Saboda haka idan ta zo hutu, a nema mata izini a babban asibitin garinku ta riƙa bin likitoci zagayen safe.