Yaran Sabo da Kuɗin Makaranta

Yau ina so ne in taɓo maganar yaranmu da ke zaune a gida ba karatu, musamman marayu da 'ya'yan zawarawa, domin abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kowa ya san Bahaushe ba ya barin ɗan uwansa ya kwana a titi a ƙasar baƙunta. Tun da aka kafa unguwar Sabo a Ibadan a shekarar 1916, tsarin da iyayenmu suka gada ke nan: baƙo ya sauka wurin maigida, a ba shi masauki da abinci, a haɗa shi da dillali, a tsaya masa idan ya ɗauki kaya bashi. Da wannan aka yi fataucin goro da shanu shekara da shekaru, har wani mai bincike mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar ya rubuta littafi a kai, wanda ya fito a 1969. To amma wannan tsari an gina shi ne domin babban mutum mai neman kasuwa. Idan mutumin ya rasu ya bar mata da yara huɗu, za a yi jana'iza, a yi zaman makoki, a tara wa matar ɗan abin da ya samu, daga nan kowa ya koma rumfarsa. Bayan wata uku sai ka ga babban yaron yana dako a Bodija, yarinyar kuma da farantin talla a ka.

Wani zai ce ai makarantar gwamnati kyauta ce. Haka ne a takarda. Tun 1955 Awolowo ya kawo ilimin firamare kyauta a Jihar Yamma, kuma dokar UBE ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas. Sai dai ba a ba da yunifom kyauta, ba a ba da takalmi da jaka da littafin rubutu, ga kuɗin mota, ga na karin kumallo. Matar da ke dogaro da sayar da ƙosai da koko, ina za ta haɗa wannan ga yara uku a lokaci guda? In yaro ya lallaɓa ya kai aji shida na sakandare kuma, kuɗin jarrabawar WAEC na jiransa. Ni kaina na san abokai biyu da muka yi aji ɗaya, sun fi ni ƙoƙari nesa ba kusa ba, a nan suka tsaya.

Akwai kuma wata matsalar da ta fi shafar mu 'yan kurmi. Tallafin karatu na jiha sai da takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Yaron da aka haifi kakansa a Sabo, a nan ana ce masa baƙo ne, in ya je Kano ko Katsina neman takardar sai a tambaye shi mai unguwar da ya san shi. Wato ba shi ga tsuntsu ba shi ga tarko. In mu ba mu ɗauki nauyinsa ba, babu ofishin da zai tuna da shi.

Ba wai ba ma sadaka ba ne, wallahi muna yi. Da azumi buhunan shinkafa da sukari har sai an rasa inda za a ajiye, kuma Allah ya saka wa masu bayarwa. Haka da rikicin kasuwar Shasha ya auku a watan Fabrairun 2021, jama'a sun yi rawar gani wajen abinci da tufafi da kuɗin motar masu komawa gida. Abin da na lura shi ne alherinmu yana zuwa ne sau ɗaya a shekara ko ranar da masifa ta faɗo, alhali makaranta sau uku take buɗewa, a Satumba da Janairu da wajen Afrilu, kuma ba ruwanta da ganin wata.

Shi ya sa wasu daga cikinmu 'ya'yan 'yan kasuwa muka fara wani ɗan asusu. Ba ƙungiya ba ce, ba mu da shugaba ba mu da hatimi. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci kowa ya sa abin da ya sawwaƙa, a rubuta a littafi a gaban kowa, kuɗin kuma yana hannun wani dattijo da mahaifina ya yi shekaru yana cinikin goro da shi. Ba ma ba uwa kuɗi a hannu, ba don rashin yarda ba, sai don mun san in babu garin tuwo a gida to kuɗin yunifom tukunya zai shiga, kuma ba mai ganin laifinta. Tela muke biya kai tsaye, mu sayi littattafan da kanmu. Sharaɗi ɗaya ne: yaro ba zai bar makarantar allo ko Islamiyya da yamma ba, domin wannan ne tsoron da yawancin iyaye suke kawowa.

Wani Alhaji ya ce mana wannan wahalar banza ce, masu digiri ma suna yawo ba aiki. Na ce masa ranka ya daɗe, ko rasit ɗin kayanka wani ne yake karanta maka, kuma ranar da aka kai ƙara ofishin 'yan sanda ɗan wani ake nema ya yi tafinta. Ya yi dariya, bai dai sa ko sisi ba tukuna.

Yanzu abin da ke gabanmu shi ne yara biyu mata da za su zauna WAEC bana, kuma abin da ke cikin asusun bai kai na mutum ɗaya ba. Duk mai niyya ya same mu ranar Juma'a, littafin a buɗe yake ga wanda ke son dubawa kafin ya sa kuɗinsa.