Auren Kotu da Tambayar da Baba Ya Yi Mana



An ɗaura wa yayana aure a masallacin unguwarmu a Agege, da waliyyi da shaidu da sadaki, aka raba goro aka watse. Bayan wata bakwai aiki ya taso masa a waje, sai wani abokinsa ya ce idan yana son tafiya da iyalinsa ba tare da wahala ba, ya je ya yi auren kotu. Ni aka aika in binciko inda ake yi, tunda ni ne mai sakandare a gidan.

Nan na tarar ashe rigima ce tsakanin gwamnatin tarayya da ƙananan hukumomi. A Disamba 2021 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta hana Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ɗaura aure a ƙananan hukumomi huɗu da suka kai ƙara, Eti-Osa da Egor da Owerri da Fatakwal, amma ta bar rajistar Ikoyi da ta Abuja. A 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke wannan hukunci. Dokar kanta tun 1914 take. Ana liƙa sanarwa kwana 21, sannan a ɗaura a ofis tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma, ƙofa a buɗe, gaban shaidu biyu.

Na dawo rumfar Baba ina ta bayani ina jin ni gwani ne. Yana tsintar goro bai ko ɗago kai ba. Da na gama sai ya ce, "Duk na ji inda ake yi. To me ake ɗaurawa?"

Wallahi ban da amsa. Da na koma na tambaya, aka ce auren kotu mace ɗaya ne. Wanda ya ƙara aure alhali wannan yana nan, doka ta tanadi ɗaurin shekara 5. Kuma a Legas, idan mutum ya rasu bai bar wasiyya ba, dokar jiha ce za ta raba gadonsa, ba rabon Musulunci ba. Nan hankalin Baba ya tashi, don ya ga yadda gado ke raba zumunci a zango.

Yaya ya ce, "Baba, takarda ce kawai." Baba ya ce takarda ce ta ci gidan maƙwabcinmu.

Har yau Yaya bai sa hannu ba. Ya karɓi shaidar aure daga masallaci, kuma zai ga lauya kan maganar wasiyya kafin ya yanke shawara. Matarsa ma an zaunar da ita an yi mata bayani, don ita abin ya fi shafa.

'Yan uwa, kafin ku tambayi ofishin da za ku je, ku tambayi malami da lauya abin da za ku sa wa hannu. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya ba mu shawara.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.