Guzurinki, Lalitarki

'Yan'uwana mata, akwai wata ɗabi'a tamu da ba ta yi mani daɗi. Mace ta yi shekaru tana adashe, ta sayar da tumaki da sarƙa, ta biya kujerar Makka, amma ranar tashi sai ta damƙa wa maigida ko ɗan rakiya guzurinta kaf, wai ita ba ta san kan kuɗin waje ba. Haba Hajiya! Ke da kike lissafin cefanen gida har da canjin gishiri?

Ni dai kafin in tafi Umra sai da na je Wapa a Fagge na canji dala da hannuna. Lissafin ba wuya. Tun 1986 Saudiyya ta ɗaure riyal da dala, dala 1 riyal 3.75, wato dala 100 riyal 375 ke nan, ɗan canji ya ɗan rage nasa. Naira ce ke hawa da sauka. Ki roƙi sababbin takardu, don tsohuwar dala ko mai tabo wasu 'yan canjin ƙin karɓa suke, ko su karya mata farashi.

Kashi uku na yi. Babban kaso a lalita, ɗaure a ƙugu ƙarƙashin zani, ko banɗaki da ita nake shiga. Kaɗan a akwati mai makulli. Sai 'yan riyal biyar-biyar da goma-goma a jakar hannu, na mota da shayi da sadaka. Waɗannan ƙananan su ne rai. Na ga wata baiwar Allah a Madina, cunkoso ya raba ta da mijinta bayan sallar isha, tana kuka, ko riyal ɗaya babu a jikinta balle kuɗin tasi. Gwal kuwa ga shi nan a wuyanta.

Kati fa? Yana da amfani, kantunan can kusan duk suna karɓa. Sai dai wajen 2022 bankunanmu da yawa suka hana katin naira aiki a waje, sai a 2025 wasu suka buɗe, kuma da iyaka. Saboda haka ki shiga bankinki da ƙafarki ki tambaya nawa aka yarje maki. Lambar sirrin kuma a ka ake ajiye ta, ban da rubutawa a bayan fasfo.

Tsaraba kuwa, dabino da jallabiyar yara, ki bari sai kwanakin ƙarshe, kin ware kuɗin awon kaya tukuna.